Yadda Ake Auna Tawayar Rayuwa ga Yara Masu Larurar Rashin Natsuwa da Matsalar Ɗabi'a

Idan aka kawo yaro gaban likita ko jami'in ba da shawara na makaranta da kukan cewa ba ya zama wuri ɗaya, ba ya sauraron magana, ko ya cika gardama da faɗa, abin da aka fi saurin yi shi ne a ɗauko takardar alamomi a shiga ƙirge. Yana yawan mantuwa? Yana katse mutane in suna magana? Yana tashi daga kujera ana tsakiyar darasi? Ƙirgen nan yana da muhimmanci, sai dai ba shi ne ya fito da iyayen daga gida ba. Abin da ya fito da su shi ne yaron ya shekara uku a makaranta har yanzu karatu bai zauna masa ba, ko tsaransa sun daina kiransa wasa, ko kuma gidan ya koma tsawa da kuka tun daga tashin safe har kwanciyar dare. Wannan asarar da yaro ke yi a karatunsa, da abotarsa, da zamansa cikin iyali, da yadda yake kallon kansa, ita ce masana ke kira tawaya a gudanar da rayuwar yau da kullum, kuma yadda ake auna ta shi ne abin da za a bi daki-daki a nan.

Larurori uku ne aka fi haɗuwa da su a wannan fage. Ta farko ita ce ƙarancin natsuwa da yawan kazar-kazar, wadda likitoci ke kira ADHD, kuma an kiyasta tana samun kimanin kashi 5 cikin 100 na yaran duniya. Kundin DSM-5 na tantance larurorin ƙwaƙwalwa, wanda Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ta fitar a 2013, ya gindaya mata sharuɗɗa: alamomi 6 daga cikin 9 na rashin mai da hankali, ko 6 daga cikin 9 na kazar-kazar da gaggawa, su ɗauki aƙalla wata 6, wasunsu su bayyana kafin shekara 12, kuma a gan su a wurare biyu ko fiye. Ta biyu ita ce larurar bijirewa da taurin kai, mai buƙatar alamomi 4 daga cikin 8 na tsawon wata 6. Ta uku, wadda ta fi su nauyi, ita ce larurar keta haddi, inda ake samun cin zali, ɓarna, sata ko gudu daga gida, kuma ana neman 3 daga cikin halaye 15 a cikin wata 12 da suka wuce. Kowace daga cikinsu tana da wani sharaɗi da ake yawan wucewa ta kansa da gudu, wato a nuna cewa halin yana cutar da karatun yaron ko zamantakewarsa, ko kuma, a larurar bijirewa, yana jefa shi ko na kusa da shi cikin ƙunci.

Mutum zai iya zaton cewa yawan alamomi shi ke nuna girman tawaya, amma bincike bai goyi bayan wannan zato ba. A 2006 Michael Gordon da abokan aikinsa sun sake nazarin bayanan manyan bincike huɗu kan ADHD, suka gano cewa a matsakaici alamomi ba su bayyana ko kashi 10 cikin 100 na bambancin tawaya tsakanin yara ba. Yaro na iya cika dukkan alamomi amma yana tafiya daidai saboda ya dace da malami mai tsari da gida mai haƙuri, wani kuma alamominsa biyar ne kacal amma an kore shi daga makaranta biyu. Saboda haka tawaya aba ce da ake aunawa da kanta, da nata kayan awon.

Mataki na farko: a raba alama da tawaya, a tsai da ma'aunin shekaru

Kafin a yi wa kowa tambaya, mai auna ya raba takardarsa gida biyu. A gefe ɗaya abin da yaron yake yi, a ɗaya gefen abin da hakan ya jawo masa. "Ba ya jiran layinsa a wasa" alama ce. "Yara sun daina sa shi a ƙungiyarsu" tawaya ce. "Yana mance littattafansa" alama ce. "Ya faɗi darasi uku saboda bai miƙa aiki ba" tawaya ce. Rabon yana kama da ƙaramin abu, amma shi ke hana mutum ƙirga abu ɗaya sau biyu.

Daga nan sai a tambayi kai: da wa ake kwatanta yaron? Ɗan shekara 4 da bai iya zama na minti ashirin ba yana kan hanyar tsaransa, ɗan shekara 10 kuwa da sauran magana. Kundin DSM-5 da kansa ya yi la'akari da haka a larurar bijirewa, inda ya ce ga yaron da bai kai shekara 5 ba sai halin ya riƙa faruwa a mafi yawan ranaku, ga wanda ya kai 5 kuwa sau ɗaya a mako ya isa. Ko a cikin aji ɗaya ma watanni suna da tasiri. Wani bincike da aka wallafa a 2012 kan yara sama da 900,000 a lardin Biritish Kolombiya na Kanada, inda ƙarshen Disamba ne iyakar shekarun shiga makaranta, ya nuna cewa yara mazan da aka haifa a Disamba sun fi na Janairu samun shaidar ADHD da kashi 30 cikin 100, mata kuwa da kashi 70. Su ne ƙanana a ajin, sai ƙuruciyarsu ta zama kamar ciwo a idon mai kallo. Don haka a rubuta ranar haihuwar yaron, a kuma tambayi inda ya faɗo a jerin shekarun 'yan ajinsu.

Mataki na biyu: a duba abin da zai iya yin kama da larurar

A gwada ji da gani. A tambayi barci, musamman minshari mai ƙarfi da ɗaukewar numfashi cikin dare. A tuna da ƙarancin jini, da farfaɗiyar da ke ɗauke hankalin yaro na 'yan daƙiƙoƙi ba tare da ya faɗi ba, da gubar dalma, da matsalar koyon karatu, da fargaba, da abin firgici ko cin zarafi da yaron ya gani. Duk waɗannan suna kawo tawaya ta gaske, amma maganinsu daban ne, kuma wasunsu suna tafiya tare da ADHD a yaro ɗaya.

Mataki na uku: hira da iyaye

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ya kamata a kashe mafi yawan lokaci. Tambayar "yaya halinsa a gida?" ba ta haifar da komai sai amsa dunƙulalliya, irin su "ba ya ji" ko "ya fi ƙarfinmu". Abin da ya fi amfani shi ne a roƙi uwa ko uba su bi ranar jiya tun daga farkawa: wa ya tashe shi, sau nawa aka kira shi, minti nawa ya ɗauka yana sa tufafi, ya makara ko bai makara ba, me ya faru da ya dawo, yaya zaman cin abinci ya kasance, ƙarfe nawa ya yi barci. A kowane wuri da aka ci karo da matsala sai a tsaya a nemi abubuwa huɗu: sau nawa take faruwa a mako, tsawon wane lokaci take ɗauka, me ke zuwa gabaninta, me kuma ke biyo bayanta. Masanin ADHD Russell Barkley ya tsara wata takarda a kan wannan tunani, mai jera yanayi 16 na gida, kamar lokacin da aka yi baƙi, da lokacin wanka, da lokacin da uwa ke kan waya, inda ake cewa ko akwai matsala a kowanne, in akwai kuma a ba ta maki daga 1 zuwa 9. Ko ba a da takardar a hannu, tsarinta abin koyi ne, domin yana nuna wuraren da yaron ke tuntuɓe da kuma wuraren da yake lafiya lau, waɗanda su ma sanin su yana da daraja wajen tsara taimako.

Akwai nau'in tawayar da takarda ba ta cika kamawa ba, kuma a ganina ita ce aka fi zaluntar yara da iyayensu a kanta. A ɗauka ga yarinya 'yar shekara 9 da sakamakon jarrabawarta yake da kyau. Malami ya ce ba shi da kuka da ita. Sai da aka bi ranarta aka ji cewa aikin da makaranta ke bayarwa a yi a gida, wanda tsaranta ke gamawa cikin rabin awa, ita sai ta yi awa uku tana kai, uwarta na zaune kusa da ita tana dawo da hankalinta layi bayan layi, kuma kusan kullum da hawaye ake tashi. Makinta ya ɓoye tawayar, domin uwar ce ke ɗauke da ita a kanta. Hanyar tono irin wannan ita ce tambaya ɗaya: idan aka janye wannan tallafi na mako biyu, me zai faru? A kuma tambayi abin da iyalin suka daina yi saboda halin yaron. Sun daina zuwa da shi ziyara? Wani daga cikin iyayen ya rage aikinsa ko ya bar shi? Ƙannensa suna tsoron zama da shi su kaɗai? Iyayen suna yawan saɓani a kan yadda za a hore shi? Nauyin da ke kan iyali ɓangare ne na awon, kuma sau da yawa shi ne ke sa a nemi taimako tun farko.

Ga yaran da ake zargin larurar keta haddi, da matasa baki ɗaya, kada a ji nauyin tambaya kai tsaye game da haɗari: raunin da ya kai ga asibiti, wasa da wuta, cutar da dabbobi, ɗaukar makami, shaye-shaye, kwana a waje ba da sani ba, ko maganar cutar da kai. Abu ɗaya daga cikin waɗannan ya isa ya sauya gaggawar lamarin, ko da sauran fannoni suna tafiya daidai.

A yi hirar da ladabi. Iyayen da suka zo sun riga sun sha zargi daga dangi da malamai cewa su ne suka sangarta yaron, kuma in suka ji ƙamshin zargi a bakin mai auna sai su rufe baki ko su rage gaskiya.

Mataki na huɗu: zaɓen ma'auni

Hira tana ba da hoto, ma'auni kuma yana ba da adadin da za a iya kwatantawa bayan wata uku. Ma'aunan suna da yawa, amma ba a buƙatar fiye da ɗaya ko biyu, muddin an san abin da kowanne yake iya yi.

Wanda ya fi sauƙi ga mai ƙarancin lokaci shi ne ma'aunin IRS, da Gregory Fabiano da William Pelham da abokan aikinsu suka wallafa a 2006. Yana da takardar iyaye da ta malami. Ta iyaye tana tambayar alaƙar yaron da tsaransa, da 'yan'uwansa, da iyayensa, da ci gaban karatunsa, da yadda yake ganin darajar kansa, da tasirinsa ga iyali, sannan tambaya ta ƙarshe kan girman matsalar gaba ɗaya. Mai cikewa yana sa alama a kan layi, a mayar da ita maki daga 0, wato babu matsala, zuwa 6, wato matsala mai tsanani da lalle take buƙatar taimako. Maki 3 zuwa sama a kowane fanni ana ɗaukarsa tawaya. Abin da nake so da shi shi ne ya bar fili a ƙarƙashin kowace tambaya don mutum ya rubuta matsalar da kalmominsa, kuma sau da yawa wannan rubutun ya fi makin amfani.

Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne SDQ, da Robert Goodman ya fitar a Birtaniya a 1997, mai tambayoyi 25, kuma an fassara shi zuwa harsuna da dama. Tambayoyin 25 ɗin alamomi suke aunawa tare da kyakkyawar mu'amala. Awon tawaya yana cikin ƙarin shafin da aka haɗa masa a 1999, wanda mutane da yawa ke mance bugawa. Shafin yana tambayar tsawon lokacin matsalar, ko tana damun yaron, ko tana shafar zaman gida, abota, koyo a aji da lokacin hutu, da kuma ko ta zama nauyi ga wasu. A lissafi, amsar "ko kaɗan" da ta "kaɗan kawai" duk sifili ne, ta gaba da su maki 1, ta ƙarshe maki 2. Jimillar takardar iyaye tana kaiwa 10, ta malami 6, kuma maki 2 zuwa sama abin dubawa ne sosai.

In ana son zurfafawa, musamman don bin sawun magani, akwai ma'aunin WFIRS na Margaret Weiss, wanda takardarsa ta iyaye take da tambayoyi 50 a fannoni shida: iyali, makaranta, dabarun kula da kai, yadda yaron ke kallon kansa, zamantakewa, da ayyukan haɗari. Kowace tambaya daga 0 zuwa 3 ce, kan watan da ya wuce. Ana cewa fanni ya tawaya idan tambaya ɗaya ta sami 3, ko biyu suka sami 2, ko matsakaicin fannin ya haura 1.5. Akwai kuma ma'aunin Kolombiya, wanda ya ci sunan wata jami'a ta Amurka, mai tambayoyi 13, da Hector Bird da abokansa suka fitar a 1993, wanda jimillarsa ke kaiwa 52, ana kuma yawan amfani da 15 a matsayin iyaka. Takardun Vanderbilt, da likitocin yara ke yawan amfani da su, suna da tambayoyi takwas a ƙarshe kan ƙoƙarin karatu da mu'amala, daga 1 zuwa 5, inda 4 da 5 ke nuna matsala.

Shi kuma likita yana da nasa, wato CGAS, na David Shaffer da abokan aikinsa, tun 1983. Adadi ɗaya ne daga 1 zuwa 100 ga yaro ɗan shekara 4 zuwa 16, bisa mafi ƙasƙancin matakin da ya gudanar da rayuwarsa a lokacin da aka ware, galibi wata ɗaya. Sama da 70 ana ɗaukarsa cikin lafiya. Yana da amfani wajen taƙaitawa da rubuta rahoto, amma adadi ɗaya ba ya faɗin inda matsalar take. Yaro mai 55 saboda makaranta da mai 55 saboda faɗa a gida ba taimako ɗaya suke buƙata ba.

Iyakokin makin nan an samo su ne daga al'ummomin da aka gwada ma'aunan a cikinsu, galibi a Amurka da Turai, don haka a ɗauke su a matsayin manuniya a duk inda ba a yi irin wannan gwajin ba. A yi amfani da fassarar da aka tantance, kada kowa ya fassara da ka a gaban iyaye, domin sauya kalma ɗaya yana sauya amsa. In mai cikewa bai iya karatu ba, a karanta masa tambayar yadda take, a bar shi ya zaɓa, ba tare da an karkata murya zuwa wata amsa ba.

Mataki na biyar: makaranta

Malamin da zai cike takarda ya zama ya san yaron na aƙalla wata ɗaya zuwa biyu, kuma da izinin iyaye ake tuntuɓarsa. Bayan takardar, a nemi abin da aka riga aka rubuta tun kafin a fara maganar larura: sakamakon zangon karatu na shekarun baya, rajistar halarta da makara, adadin dakatarwa ko kora, da littattafan aikin yaron. Littafin aiki shaida ne mai ƙarfi. A ƙirga ayyuka goma na baya-bayan nan, nawa ya kammala, kuma a cikin abin da ya kammala nawa ya yi daidai. Yaron da ke gama rabin aiki amma abin da ya gama daidai ne, matsalarsa ta ɗorewa a kan aiki ce. Wanda ke zama ya gama amma duk kuskure, a nemi a gwada karatunsa da lissafinsa, domin wataƙila darasin ne ya fi ƙarfinsa, kuma yaron da bai gane darasi ba dole ya nemi abin yi da jikinsa.

In da hali, a shiga ajin a zauna a baya na minti 15 zuwa 20. Duk bayan daƙiƙa 15 a ɗaga kai a rubuta ko yaron yana kan aikin da aka sa shi a daidai wannan lokacin. A kowane zagaye na biyar a kalli wani ɗan ajin mai jinsi ɗaya da shi a rubuta nasa. A ƙarshe za a sami adadi biyu, na yaron da na tsaransa. Idan yaron yana kan aiki rabin lokaci, tsaransa kuma kashi 85 cikin 100, gibin nasa ne. Idan dukkansu rabin lokaci suke yi, to a fara duba tsarin ajin. A maimaita wannan a darasi biyu ko uku mabambanta, domin rana ɗaya ba ta isa hukunci ba.

Mataki na shida: yaron kansa, da batun abota

A ji ta bakin yaron, shi kaɗai in shekarunsa sun kai. Shi ya fi kowa sanin baƙin cikinsa da fargabarsa, matashi kuma shi ya san abin da yake yi a ɓoye. Amma game da ƙoƙarinsa a aji ko farin jininsa, a yi hattara: Betsy Hoza da wasu masu bincike sun nuna cewa yara da yawa masu ADHD suna kimanta kansu sama da yadda malamansu ke kimanta su, kuma gibin ya fi faɗi a fannin da suka fi rauni. Ba ƙarya yaron yake yi da gangan ba. Saboda haka in ya ce "kowa abokina ne", a tambaye shi sunan na kusa, da ranar da suka yi wasa na ƙarshe, da ko wani ya taɓa zuwa nemansa.

Na ware abota ne saboda ita manya suka fi raina wa, alhali tana cikin abin da ya fi yi wa yaro ciwo. A babban binciken MTA na Amurka, wanda ya bi yara 579 'yan shekara 7 zuwa 9 masu ADHD, an tambayi 'yan ajin wani rukuni daga cikinsu wa suke so da wa ba sa so su yi wasa da shi. Kashi 52 cikin 100 na yaran masu larurar sun faɗa cikin waɗanda aka ƙi, a kan kashi 14 na sauran yara, kuma kashi 56 ba su da ko aboki ɗaya da shi ma ya ambace su. Wannan tawaya ba ta fitowa a takardar sakamako, kuma ba kasafai take gyaruwa don alamomi sun ragu ba, domin sunan da yaro ya yi a cikin tsaransa yana daɗewa.

Mataki na bakwai: idan bayanai suka saɓa

Za su saɓa, kuma hakan ba alamar kuskure ba ce. Tun 1987 Thomas Achenbach da abokan aikinsa suka tattara bincike masu yawa, suka nuna cewa a sikelin da 1 ke nufin cikakkiyar yarjejeniya, mutane biyu masu ganin yaro a wuri ɗaya, kamar uwa da uba, suna yarda da juna da kimanin 0.60, masu ganinsa a wurare daban kamar uwa da malami kimanin 0.28, yaron da sauran mutane kuwa 0.22. Kuskuren da ake yi shi ne a haɗa makin uwa da na malami a raba biyu, ko a zaɓi wanda aka fi yarda da shi a watsar da ɗayan. Abin yi shi ne a tambayi dalilin saɓanin. In gida ya yi zafi makaranta lafiya, wataƙila tsarin aji ne ke riƙe yaron, ko yana danne kansa duk yini ya zo ya sauke a gida, ko kuma uwar tana fama da nata ƙuncin da ke sa komai ya yi mata nauyi. In makaranta ce ta yi zafi gida lafiya, wataƙila a gida ba a sa shi abin da ke buƙatar doguwar natsuwa. Kowace amsa tana nuna ƙofar da taimako zai shiga.

Mataki na takwas: haɗa hoton

A jera fannonin a shafi ɗaya: karatu, hali a aji, abota, iyaye, 'yan'uwa, kula da kai, darajar kai, haɗari. A gaban kowanne a rubuta makin kowane mai ba da bayani, da misali ɗaya na zahiri, da tallafin da yaron ke samu a wannan fanni yanzu. A ƙara layi na abin da ya iya da abin da yake so. Sannan a yi tambaya ta ƙarshe a kan kowace tawaya: alamomin larurar ne suka jawo ta, ko wani abu ne daban? Yanke hukuncin cewa yaro yana da larura aikin ƙwararren likita ne ko masanin halayyar ɗan'adam, amma shafin nan malami da iyaye duk suna iya taimakawa a cike shi. Yaron da alamominsa ba su cika adadi ba amma tawayarsa a fili take, kada a sallame shi hannu rabbana. Ya cancanci taimako a fannin da yake asara.

Mataki na tara: mayar da awo abin aiki, da sake aunawa

Daga shafin a zaɓi abubuwa uku zuwa biyar, waɗanda iyaye da malami suka fi damuwa da su, a rubuta su yadda za a iya ƙirga su. A maimakon "ya natsu a aji" a rubuta "ya kammala kashi 80 cikin 100 na aikin lissafi". A maimakon "ya daina tsokana" a rubuta "kada tunatarwa kan taɓa wasu ta wuce biyu a darasi". A ƙirga halin na mako ɗaya kafin a fara komai, don a san inda aka tashi, sannan a sa burin farko kaɗan sama da wurin, yadda yaron zai riƙa cin nasara a mafi yawan ranaku tun daga farko. Waɗannan su ake zubawa a katin rahoton kullum: malami yana sa "e" ko "a'a" a ƙarshen kowane darasi, yaron ya kai katin gida, iyaye su ba shi ladan da aka yi yarjejeniya a kai. Katin nan magani ne kuma ma'auni ne a lokaci guda, domin kason "e" na kowane mako yana nuna ko ana ci gaba.

Sakamakon MTA na farko, da aka wallafa a 1999 bayan wata 14 na jinya, ya nuna dalilin da ya sa ake auna ɓangarorin biyu, wato alama da tawaya. Magani da ake kula da shi sosai ya rage alamomi fiye da horon ɗabi'a shi kaɗai, amma a fannoni irin su alaƙar iyaye da yaro, zamantakewa da karatu, haɗa magani da horon ne ya nuna ɗan fifiko. Wanda alamomi kawai yake ƙirgawa ba zai ga wannan bambanci ba.

A sake cike ma'aunin da aka fara da shi, ta hannun mutanen da suka cike shi da farko, bayan wata ɗaya zuwa uku da fara taimako, daga nan kuma duk wata uku zuwa shida, da duk lokacin da aka sauya aji, makaranta ko magani. A sa ran fannonin ba za su motsa tare ba: kammala aiki a aji yana iya gyaruwa cikin makonni, cike gibin karatu yana ɗaukar zango da dama, abota kuma ita ce ta ƙarshe. Idan alamomi sun sauka amma makin wani fanni yana nan a 3 ko sama a ma'aunin IRS bayan wata uku, a koma shafin mataki na takwas, a duba abin da ke riƙe da wannan fanni, a kuma ba shi nasa taimakon daban, ko ƙarin darasin karatu ne, ko horon iyaye, ko shirya wa yaron wasa da yaro ɗaya a ƙarƙashin kulawar babba.